Gadon Jika Maraya: Mece Ce "Per Stirpes", Kuma Ina Ruwanmu Da Ita?

A wannan fitowa za mu ɗan jingine maganar burtali da mashaya, mu taɓo wata magana da take cin gidajenmu a ɓoye kamar gara, watau maganar gadon jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa.

Abin da ya jawo wannan rubutu wata takarda ce da aka nuna mana daga wani gida a Zongon Lome. Maigidan tsohon fatoma ne a harkar shanu, Allah Ya yi masa rasuwa ya bar gida da 'yan kuɗi da kuma shanu a hannun makiyaya a arewa. Bayan an share makoki aka kira malami ya raba gado, kowa ya karɓi nasa. Da aka zo sauya suna a takardar gidan sai aka je wurin noter, watau jami'in da hukuma ta amince wa ya rubuta takardun gado da na cinikin gidaje. Shi kuwa ya tambaya ko marigayin yana da ɗan da ya riga shi rasuwa ya bar 'ya'ya. Aka ce akwai, babban ɗansa ne ma, hatsarin mota ya ci shi a kan hanyar Sinkase, ya bar yara 4. Noter ya ce to a dokar ƙasa yaran nan suna tsaye ne a gurbin ubansu, rabon kuma par souche ne. Wani ɗan gidan mazaunin Kumasi ya kai wa lauya maganar, lauya ya ce ai a bakin lauyoyin duniya sunan abin per stirpes. Tun daga ranar nan baffannin yaran da uwar yaran ba su ƙara gaisawa ba, alhali ƙofa ɗaya suke shiga.

To, mece ce wannan kalma da take da ƙarfin raba 'yan'uwa haka? Kalma ce ta Latin, harshen Rumawan dā. Stirps a wurinsu shi ne kututture ko gindin itace, daga nan kuma suka ari kalmar suka ba zuriyar da ta fito daga mutum ɗaya, abin da mu muke kira tsatso. Saboda haka per stirpes ma'anarta rabo tsatso-tsatso. Faransawa suka fassara ta da par souche, ita ma souche ɗin kututture take nufi. Kishiyarta ita ce per capita, ko par tête, watau rabon da ake ƙirga kawuna a ba kowane kai daidai da ɗan'uwansa. A rabon tsatso ana ƙirga 'ya'yan mamaci ne duka, rayayyu da waɗanda suka rasu suka bar baya, kowane ɗa a ware masa kaso guda. Wanda yake raye ya ɗauki nasa, wanda ya rasu kuwa 'ya'yansa su raba kason da zai samu da a ce yana raye, ko su biyu ne ko su goma.

Bari mu kawo misali da abin da muka fi sani. A ce dattijo ya rasu ya bar shanu 60 bayan an biya bashi da kuɗin jana'iza, ba shi da mata ko iyaye a raye. 'Ya'yansa maza 3 ne, ɗaya ya riga shi ya bar yara maza 4. A rabon tsatso garken zai kasu uku, 'ya'yan nan biyu kowa shanu 20, jikoki huɗu su raba 20 ɗin ubansu, kowa ya tashi da 5. Da a ce kawuna za a ƙirga, mutum 6 ne, kowa shanu 10. A ilmin fara'ili kuwa, wanda malamanmu suke karantawa a ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaid da cikin Muktasar na Shehu Halilu, ɗa namiji yana katange ɗan ɗa, domin na kusa yana hana na nesa. Ke nan 'ya'yan biyu kowa shanu 30, jikoki ba su da kaso na farilla. Garke ɗaya, iyali ɗaya, amma yaro ɗaya yana iya tashi da 5 ko 10 ko hannu rabbana, gwargwadon ma'aunin da aka ɗauko.

Kada wani ya zaci rabon tsatso kullum shi ne ya fi tausayin jika. A juya misalin, a ce dattijon 'ya'ya 2 gare shi kuma duka sun riga shi, ɗaya ya bar yaro namiji guda, ɗaya ya bar maza 5. A rabon tsatso yaro guda ɗin nan zai kwashe shanu 30 shi kaɗai, 'yan'uwansa biyar kowa ya samu 6. A fara'ili kuwa tun da dukansu matsayinsu ɗaya a wurin kakan, kawuna ake ƙirgawa, kowa ya samu 10. A nan uwar yara biyar fara'ili za ta yaba, uwar ɗa ɗaya ta yabi takardar noter. Abin da ya sa muke cewa a san ma'anar kalma kafin a yi faɗa a kanta ke nan.

Wannan gardama ba yau aka fara ta ba. Rumawa sun san rabon tsatso tun da daɗewa, kuma a shekarar 543 Sarki Yustiniyanus ya fitar da dokar da ta tsara gado a kan wannan hanya. Jamusawa kuwa, waɗanda daga baya suka mallaki Togo har suka mai da Lome hedkwata a 1897, sun daɗe suna jayayya a kan ko jika zai ci gado tare da baffanninsa. A shekarar 938 maganar ta kai gaban Sarki Otto na Ɗaya a wani taro a garin Steele, shi kuma ya ce a fitar da zaratan mayaƙa daga ɓangarorin biyu su kara, wanda ya yi nasara ra'ayinsa ne doka. Ɓangaren jikoki ya ci. Daga bisani dokar Faransa ta zamanin Napoleon, ta 1804, ta ɗauki rabon tsatso ta rubuta shi ƙarara, ta wannan hanya kuma ya iso ƙasashen da Faransa ta mulka, har da Togo.

A Togo dokar iyali ta farko ta fito ranar 31 ga Janairu 1980. A ƙarƙashinta rubutattun ƙa'idojin gado suna hawa ne kawai kan wanda ya bayyana tun yana raye cewa ya bar al'adarsa ya zaɓi doka, saboda haka yawancin mutanen Zongo ba su ma san da zamansu ba, malami ne yake raba musu gado a zaure. A watan Yuli 2012 aka sabunta dokar, aka kuma yi mata gyare-gyare daga baya. Sabuwar doka ta ci gaba da sanin al'adar mamaci, amma da sharaɗin kada al'adar ta saɓa wa haƙƙin ɗan Adam da tsarin mulkin ƙasa. A rubutacciyar dokar kuwa ɗa da 'ya kasonsu ɗaya ne, kuma 'ya'yan wanda ya rasu suna maye gurbinsa, ko ta wajen ɗa suka fito ko ta wajen 'ya. Wannan ya nuna cewa rabon da aka yi a zaure, muddin akwai wanda bai yarda ba, yana iya tashi daga zaure ya koma gaban alƙalin gwamnati, shi kuma alƙalin da littafinsa zai duba.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata mu warware. Da yawa daga cikinmu idan suka ji an ce tsatso sai hankalinsu ya tafi ga rabon ɗaki-ɗaki, inda ake kasa dukiya gwargwadon yawan matan mamaci, 'ya'yan kowace mace su raba kason ɗakinsu. Yarbawa suna da wannan a al'adarsu, suna kiransa idi-igi, watau gindin itace, kishiyarsa kuma ori-ojori. Akwai sanannar shari'a a Nijeriya, ta Dawodu da Danmole, a kan dukiyar wani mutumin Ikko da ya bar 'ya'ya 9 daga mata 4. Alƙalin farko ya ce a kasa tara, kotun ƙoli ta tarayya a 1958 ta ce a kasa huɗu, kotun ƙarshe a Ingila kuma ta tabbatar da haka a 1962. Lauyoyin Nijeriya su ma wannan rabo per stirpes suke ce masa. Amma a takardar noter a Lome, tsatso ɗa ne ko 'ya, ba matar aure ba. Fara'ili ma bai san rabon ɗaki-ɗaki ba, domin 'ya'yan mutum a wurin gadon ubansu ba a tambayar wace ce uwarsu. Wanda duk ya ji an ambaci tsatso, to ya tambaya tsatson wa ake nufi kafin ya dangwala hannu.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Me ya sa a ruga ba mu cika jin kukan jika maraya ba, sai a birni? Dalili shi ne makiyayi ba ya jiran mutuwa kafin dukiyarsa ta fara gangarawa ga 'ya'yansa. Ranar suna ake nuna wa jariri maraƙarsa, kaka ya ba da, kawu ya ba da, abin da ta haifa duk nasa ne. Kafin yaro ya yi aure ya riga ya san shanunsa a cikin garke, kowa ma ya sani. Turawan da suka zauna da Woɗaaɓe suka yi rubutu a kansu, irin su Derrick Stenning a Barno a 1959 da Marguerite Dupire a Nijar a 1962, duk sun lura da wannan, har suka kira shi gado tun kafin mutuwa. Saboda haka idan ɗa ya riga ubansa, yana da shanun kansa da 'ya'yansa za su gada, ga kuma nasu na suna. Abin da ya rage a hannun tsoho ranar rasuwarsa sau da yawa ba shi ne mafi yawan garken ba. Hukuncin katange jika bai bar marayu a tagayyare ba, domin al'ada ta riga ta yi musu tanadi.

A Zongo kuwa labarin ya sauya. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar Lome, inda manyan gine-ginen bankuna suke a yanzu, aka mai da mutanensa bayan gari wajen kilomita 15 ta arewa, ta yankin Agoe da Togblekope. A lokacin ana ganin an jefa su daji. Yau birni ya cim musu har ya wuce, filin da aka raina ya zama dukiya mai tsoka. Dattawan da suka kafa gidajen nan kusan shekara 50 da suka wuce suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suke bari gida ne mai takarda ɗaya da suna ɗaya. Gida ba ya haihuwa balle a nuna wa jika maraƙa a cikinsa. Haka ma harkar fatauci. Bafaranshen nan Michel Agier, wanda ya wallafa littafi a 1983 a kan 'yan kasuwar Zongon Lome, ya nuna yadda cinikin shanu yake rataye a wuyan maigida, shi ne mai masauki, shi ne mai amana, yaransa da dillalai suna aiki a ƙarƙashinsa. To babban ɗa yakan shekara 20 yana hawa da sauka tsakanin Sinkase da Dapaong da karar Adetikope yana sayo shanu, riba tana shiga aljihun gida, shi kuwa ko akuya ba a rubuta da sunansa ba saboda kunya da biyayya. Ranar da ya faɗi, guminsa yana cikin dukiyar ubansa. Ranar da uban ya bi shi, ƙannen da shi ya biya musu kuɗin makaranta su ne za su raba, 'ya'yansa suna kallo. Mun baro al'adar ruga a ruga, ba mu kuma ɗauki wani abu mun sa a gurbinta ba.

Wannan matsala ta dami ƙasashen Musulmi da dama. Masar a 1946 ta kafa dokar da ake kira wasiyya wajiba, wadda ta ce idan kaka bai yi wa jikokinsa marayu wasiyya ba, doka za ta ɗauka ya yi, a ba su abin da mahaifinsu zai samu muddin bai wuce sulusi ba. Siriya da Tunisiya da Maroko suka bi sahu, Maroko kuma a 2004 ta haɗa da 'ya'yan 'ya mace. Pakistan a 1961 ta zarce haka, ta sa kalmar per stirpes ɗin kanta a cikin dokar iyalin Musulmi, ta ba jikoki cikakken kason mahaifinsu, abin da ya sa kotun shari'ar Musulunci ta ƙasar ta yanke a shekarar 2000 cewa wannan sashe ya saɓa wa shari'a. Malaman Malikiyya na Magrib kuwa tun da can sun san abin da suke kira tanzili, watau kaka ya sa a rubuta cewa ya saukar da jikansa a matsayin ubansa, su kuma suna ɗaukar wannan a matsayin wasiyya da ake fitarwa daga sulusi.

Ga ra'ayinmu a fili. Ba mu kira a taɓa kason da Allah Ya yanka ba, kuma ba mu ga laifin malamin da ya raba gado yadda ya karanta ba. Amma ba mu yarda mutum ya fake da fara'ili ya kori 'ya'yan wansa daga gidan da suka tashi ba. Shari'ar da ta katange jika ita ce ta ba kakansa izinin wasiyya har sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba, jika katangagge kuwa ba magaji ba ne, saboda haka ƙofar a buɗe take gare shi. A koma ga misalinmu na shanu 60. Sulusinsu 20 ne, daidai da abin da rabon tsatso zai ba yaran nan huɗu, 'ya'yan biyu kuma kowa ya tashi da 20. Da dattijon ya kira shaidu biyu ya faɗi magana ɗaya, da malami da noter sun iso wuri guda ba tare da kowa ya saɓa wa littafinsa ba. Ba kullum lissafin yake faɗawa daidai haka ba, domin idan 'ya'yan biyu ne kacal, ɗaya raye ɗaya ya rasu, tsatso zai ba jikoki 30 sulusi kuwa ya tsaya a 20, amma ai 20 ta fi babu nesa ba kusa ba. Daɗin daɗawa, a cikin Suratun Nisa'i, 'yan ayoyi kaɗan kafin ayoyin rabon gado, an umurci masu rabo su ba dangi da marayu da miskinai da suka halarci rabon wani abu, su kuma yi musu magana mai daɗi. Kuma kada mu manta Manzon Allah (S.A.W.) shi kansa mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa, kakansa Abdulmuɗɗalib ya riƙe shi, bayansa baffansa Abu Ɗalib ya ɗauka.

Wasu za su ce ai ɗan da ya rasu ya riga ya karɓi nasa tun yana raye, an yi masa aure an ba shi jari, in an sake ba 'ya'yansa an ba ɗakinsa sau biyu ke nan. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya a wasu gidaje, kuma ita ce babbar hujjar da ta sa muke cewa kaka ne ya fi kowa cancantar yanke wannan hukunci tun yana numfashi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya san wanda ya karɓa da wanda ya yi bauta bai karɓa ba. Alƙali ba zai sani ba, takarda kawai zai duba.

Saboda haka muna kira ga dattawanmu na Zongo da na ruga, duk mai jikoki marayu ya yi musu wasiyya a rubuce, a gaban malami da shaidu, sa'an nan a kai ta wurin noter domin ta tsaya a gaban hukuma, a kuma tambaye shi yadda ake bayyana hanyar da mutum yake so a bi wajen raba gadonsa, da iyakar abin da dokar ƙasa ta yarda a bayar. Wanda ya fi son kyauta ya yi ta tun yana da lafiya, ya kuma damƙa ta, domin a Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya kwanta ciwon ajali ba ta cika ba, gidan da mai kyauta bai fita daga cikinsa ba ma haka. Saniya a nuna ta a gaban Arɗo da makiyayin da take hannunsa, fili kuwa a sauya masa suna. Rubuta wasiyya ba ya jawo mutuwa, gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba.

Muna kira ga iyayen gida masu harkar shanu su ware wa 'ya'yan da suke yi musu aiki kasonsu na riba da sunansu, ko da littafin makaranta ne a rubuta a ciki, domin abin da ya tabbata na ɗa ne 'ya'yansa za su gada ba gardama. Muna roƙon malamanmu, duk lokacin da aka kira su rabon gado, kafin su ɗauki alƙalami su tambaya ko akwai jikoki marayu, in akwai su tunatar da magada, tun da magaji baligi mai hankali yana da ikon ya ba da wani abu daga kasonsa da yardar ransa. Su kuma limamai su riƙa taɓo wannan a huɗuba, kada sai an yi rasuwa. Ga baffanni kuma muna cewa, yaron da kuka hana ɗaki yau shi ne zai je ya ɗauko lauya gobe, kuɗin da za a kashe a kotu kuwa sau da yawa ya fi abin da ya nema tun farko, gida yana rufe shekara da shekaru babu mai iya sayarwa ko gyarawa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Gidan da muka fara da labarinsa har yanzu dattawan unguwa suna kai da komo a kansa, muna kuma fatan za a sasanta a zaure. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya marayunmu, Ya ba mu ikon gyara kayanmu tun muna da iko. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.